Wa Ya Ce Ruwan Jama'are Yana Tafiya A Banza?

An sake tono maganar dam ɗin Kafin Zaki, kuma da hujjar nan da kunnenmu ya gaji da ji: wai ruwan Kogin Jama'are yana malala a banza, gara a tare shi a yi noman rani. Masu faɗin haka har ƙirji suke bugawa, sai ka ce ruwan da ya bar iyakar jihar Bauchi rami yake faɗawa. Da ma ɗaya daga cikinsu zai je kasuwar kifi ta Gashuwa ko ta Nguru, ya tsaya gaban masu banda ya maimaita maganar da babbar murya.

Idan damina ta kankama a tsaunukan Jos, ruwa yakan sauko ja wur da laka, ya haura gaɓa ya bazu cikin fadamu. A can yake tarar da busasshiyar ciyawa da ganyen itatuwa da kashin shanun da suka yi rani a wurin. Duk su ruɓe, gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani su hayayyafa, tsutsotsin ƙwari su yi ta ci. Tashin ruwan nan ne kuma yake sanar da tarwaɗa da karfasa da bargi cewa lokacin zuba ƙwai ya yi, sai su bi shi cikin ciyayi, inda 'ya'yansu za su sami abinci da maɓoya. Da ruwa ya fara janyewa da kaka, kifin da ya yi ƙiba ya komo kogi da tafkuna. Tsage da giwan ruwa su ci, zalɓe ya ci, tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai zuwa fadamar Dagona su sami rabonsu, masunci ya cika kwale-kwale. Lakar da ta rage manomi ya shuka, makiyayi ya kawo shanu, kashinsu ya jira ruwan baɗi. Wannan duka shi ne ake kira banza.

Kuma ba sai mun yi hasashe ba, don an riga an gwada a kanmu. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka a kan rassan Kogin Haɗeja. Laka ta kwanta a bayan bango, ruwan da ake saki ya riƙa fitowa a tace, ba taki a cikinsa. Filin da ambaliya ke rufewa a fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu da fiye da rabi. Abin da ya fi ɓarna ma shi ne ruwan da ake tsiyayowa da rani. A da kogin yakan ƙafe na wasu watanni, ciyawar ruwa ta mutu, shanu su tattake. Yanzu ƙasa ba ta bushewa, sai kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata ta rafin Marma ya cinye gonaki, wasu ƙauyukan kuma ko ɗigo ba ya isa gare su. Koma ba ta jawuwa a cikin kachalla, kwale-kwale ba ya ratsawa. Waɗanda suka ci ribarta su ne sauro, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, da jan-baki, wanda ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa da gero.

Me ya sa har yau ake kama kifi a ƙasar Bade? Saboda Jama'are ba a ɗaure yake ba. Shi da ƙoramunsa ne ke kawo laka da ganye da ƙwari, su kawo ambaliya a kan kari, su cike giɓin da Tiga da Challawa suka bari. Mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa ya zama Komadugu Yobe nasa ne, kuma da shi manoman barkono na Diffa a Nijar suke ban ruwa. Reshe ɗaya ya rage da rai, shi ne ake wasa wa wuƙa.

Na san amsoshin masu son dam ɗin. Za su ce fari ne ya rage fadamu. To farin ne ya shuka kachalla? Za su ce za a riƙa sakin ruwa a kan lokaci don a kwaikwayi ambaliya. Allah sarki. Shekara nawa ana tarurruka a otal-otal a kan sakin ruwan Tiga, a ci kaji, a raba jakunkuna, a watse? Za su ce tafkin dam ɗin zai cika da kifi. Sai masuncin Gaidam ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar Ningi, inda za a gina dam ɗin, ke nan. Tun a shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna, suka nuna amfanin da fadamun ke bayarwa na kifi da itace da noma ya ninka na noman ranin Kogin Kano idan aka kwatanta ruwan da kowanne ke sha. Rahoton na nan ƙura ta rufe shi.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda na sama kullum ke yanke wa na ƙasa hukunci. Kano ta tare ruwa, Kura da Kadawa suka yi kore shar, muna murna da arzikin 'yan'uwa. Amma duk shekara tumatirin da suke nomawa ruɓewa yake yi a bakin titi don ba mai saye, da ruwan da aka hana kifinmu aka noma shi, kuma ban taɓa jin wani ya tashi a majalisa ya kira wannan banza ba. Mutanen Bakolori da suka buɗe baki a kan nasu dam ɗin a 1980 an san amsar da 'yan sanda suka ba su. Aikin Kafin Zaki kuwa tun zamanin Shagari ake jan sa, gwamnatin Abacha ta soke kwangilarsa a 1994, amma da zarar an ji ƙamshin zaɓe sai a karkaɗe shi a kawo filin taro, ba tare da an tambayi ko sarkin ruwa ɗaya a Yobe ba.