Man Kolmani: Ruwan Fa?

Tun ran 22 ga watan Nuwamba na 2022, lokacin da Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya je Kolmani, kan iyakar Jihar Bauci da ta Gwambe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, zancen da ake yi a zangunan 'yan Arewa na Ikko da Badun da Fatakwal ɗaya ne: mu ma mun samu. An ce ganga fiye da miliyan dubu ke kwance a wurin, kuma za a gina matata da tashar lantarki da masana'antar takin zamani. Aikin dai ya yi ta tafiyar hawainiya. To, amma jinkirin ya ba jama'a damar yin tambayar da ba a yi ba ran biki, watau ina za a kai ruwan?

Gama rijiyar mai ba mai zalla take fitarwa ba. Yakan fito ne gauraye da ruwa mai gishiri, kuma in aka haɗa rijiyoyin duniya, kowace gangar mai takan zo da wajen ganga uku na wannan ruwa. Rijiya tana tsufa, ruwan yana ƙaruwa. A ƙasar Alkaleri kuwa babu teku. Ko dai a tace shi a mai da shi can ƙarƙashin ƙasa inda ya fito, wanda kuɗi ne, ko kuwa a haƙa rami a zuba, wanda shi ne mai araha. Maƙwabtanmu na Cadi sun ga wannan. Cikin 2013 gwamnatinsu ta dakatar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin saboda ɗanyen man da aka tarar an zuba cikin ramuka a kudu da Injamena, kuma sai da kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 400.

Ku da ke zaune a Kudu ba sai an ba ku labarin ƙasar Ogoni ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna an sami mai, kaurin wajen inci 3, yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Nisisioken Ogale, kuma sinadarin benzin, mai kawo ciwon daji, ya ninka abin da aka yarda da shi sau 900 a ruwan da mutane ke sha. Rahoton ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Mazauna Ikko kuma sun san Baruwa, wajen Ipaja, inda man da ya yoyo daga bututu tun shekarun 1990 ya kashe rijiyoyin unguwa.

Abin da ya kamata a sani shi ne dabarar raba mai da ruwa ba sabuwa ba ce. Duk matar da ta taɓa kaɗa nono ta san tushenta: mai ba ya da nauyin ruwa, in aka bar shi sai ya taso. A kan haka ne masu harkar mai na Amurka suka tsara wani dogon tanki cikin 1933, wanda ruwa ke bi a hankali, mai ya taso a kwashe, laka ta kwanta a ƙasa. Har gobe matatu suna amfani da shi. Daga baya aka jera farantai a ciki don ƙananan ɗigon mai su haɗu su yi girma, aka kuma ƙirƙiro hura ƙananan kumfan iska da ke ɗauko mai zuwa sama. Akwai injin da ke juya ruwa da ƙarfi har nauyi ya raba su. Irinsa ne ɗan wasan siliman nan Kevin Costner ya zuba wa kuɗi, kamfanin BP ya yi odar guda 32 lokacin malalar Tekun Meziko ta 2010. Har wani mai gyaran gashi na Alabama, Phil McCrory, ya gano cikin 1989 cewa gashin mutum yana kama mai, ana ɗura shi a safa a jefa cikin ruwa. Wanzamanmu suna share dukiya ba su sani ba.

Sai dai duk waɗannan suna da iyaka. Suna aiki sosai in ruwan yana tsare cikin tanki. Da zarar ya kuɓuce, magana ta sake. A waccan malala ta 2010, duk da jiragen ruwa da kuɗin Amurka, lissafin gwamnatinsu ya nuna kashi 3 cikin 100 kaɗai aka iya kwashewa daga saman ruwa. Gishiri da benzin da suka narke kuwa, wucewa suke yi ta cikin tankin, sai an yi musu wata tacewa dabam. Wanda ya nutse cikin yashi ya kai ga ruwan rijiya, babu injin da zai bi shi cikin sauƙi.

Mutumin Gololo zai ce ina ruwansa. Gaskiya ne Gololo tana can arewacin jiha, ƙasar Gamawa. Amma ƙasar Katagum yashi ce, damina gajera, rijiya da burtsatse su ne abin sha na mutum da dabba wata takwas. Nata man ya riga ya iso ta wata hanya: baƙin man da ake juyewa a garejin kanikawa na Azare, da na injin niƙa, da na injin ban-ruwa a bakin fadama, da na babura, da ruwan wuraren wankin mota. Galibi ƙasa ake ba shi ta sha. Alhali magini na gari zai iya gina rami mai ɗaki uku da bulo da siminti, a haɗa ɗakunan da bututu daga ƙasa, yadda ruwa zai wuce mai ya tsaya a sama. Shi ne tankin 1933 a ƙanƙance. Da yawa cikin garejin nan da gidajen mai da kuɗin da kuke aikawa daga Mile 12 da Agege da Apapa aka gina su, don haka kuna da bakin cewa a saka ramin tun daga harsashi. Ƙaramar hukuma ma tana iya hana izini sai da shi.

Game da Kolmani kuwa, akwai hukumar NOSDRA tun 2006 mai lura da malalar mai, kuma dokar man fetur ta 2021 ta tanadi asusun gyaran muhalli da kaso 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aiki don garuruwan da ake haƙa a ƙasarsu. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya kamata Majalisar Dokokin Bauci ta nema a fili shi ne tsarin inda ruwan rijiyoyin zai tafi, da irin na'urar da za ta tace shi, da wanda zai riƙa dubawa. Kafin wannan ma, a tura masana daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su auna ruwan kowace rijiya a ƙauyukan da ke kewaye, a rubuta, a ba dagatai kofe su ajiye, domin in wata rana ruwan ya sake ɗanɗano, kotu za ta tambayi yadda yake a da.