A'a Ba Rashin Kunya Ba Ce

'Yan uwa ɗalibai, akwai darasin da ba a koya mana a ajin Turanci, tun daga firamare har jami'a, wato yadda mutum zai ƙi abu a san ya ƙi, ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Bahaushe bai cika ƙin abu kai tsaye ba. In mai neman rance ya ji "bari mu gani", ya san an sallame shi. Amma in aka juya wannan kara zuwa Turanci, a gaban wanda bai san al'adarmu ba, sai ta zama kamar alkawari. Ba mu kaɗai ke wannan ba. A 1990 Leslie Beebe da abokan aikinta biyu sun nuna cewa Japanawa masu koyon Turanci sukan ɗauko salon harshensu, su kawo uzuri a dunƙule, su kuma ƙara tausasa harshe ga na gaba da su.

Sai dai nauyin ya fi danne mata. Tun 1975 Robin Lakoff ta Amurka ta lura cewa ana tarbiyyar yarinya a kan lallausar magana, in ta girma kuma a ce ba ta da tsayuwa. Haka yake a wajenmu. Saurayi in ya ƙi, a ce tsayayye ne. Budurwa in ta ƙi, a ce fitsararriya ce. To, ina makomar ɗalibar da malami ya gayyata gidansa, ko sakatariyar da shugabanta ya ce ta tsaya bayan an tashi aiki? Ga kunya, ga tsoro, ga baƙon harshe. Sai ta yi ta kewaye, shi kuwa ya ji abin da ransa ke so. Shirun budurwa izini ne a gaban waliyyinta kan maganar aure. Ba wanda ya ce izini ne a ofis.

Saboda haka muna kira ga malaman Turanci su sa wannan cikin darasi: a yi godiya, a faɗi a'a sarai, a kawo dalili in an ga dama. Maza kuma lalle su koyi ji, domin sun san ma'anar "bari mu gani" tun suna yara. Ladabi ado ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.