Labarin Kaboyi da Giɓin da Ke Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa

Kalmar "kaboyi" ta shigo Hausa ne ta gidajen silima irin su Rex da Palace a Kano, kuma har yau takan nuna yaro tsagera mai son faɗa. A asalinta kuwa ba ta nufin komai sai makiyayi ɗan ƙwadago. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, irin waɗannan makiyaya ne suka riƙa kora dubban shanu daga jihar Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko uku bisa doki. Sana'ar ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai tana ci ba, domin layin dogo da waya mai ƙaya sun kashe ta. Amma adabin da ta haifa ya fi ta tsawon rai, tun daga The Virginian na Owen Wister a 1902 har zuwa Lonesome Dove na Larry McMurtry a 1985, wanda ya bi garke guda daga Tekzas har Montana.

Sau da yawa akan ɗauka cewa bindiga ce ke jan hankalin masu karanta waɗannan littattafai. Wannan kuskure ne. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne tafiya mai haɗari da dukiya mai rai, wadda ke jin ƙishirwa, take firgita da tsawa, kogi kuma ya iya cinye ta a dare ɗaya. Ga shi ana yin tafiyar a bakin iyaka, inda alƙali ya yi nisa, babu mai tsare amana sai halin mutum. A irin wannan wuri ne ake gane jarumi da rago.

Idan aka yi la'akari da haka, za a ga cewa kudancin Kano ya daɗe yana ajiye da irin wannan labari. A ƙarni na 19 yankin ya kasance bakin iyaka na gaske. Malaman da suka bar Tsakuwa wajen 1846 sun kafa mulki a duwatsun Ningi, daga can kuma aka shafe shekaru ana kai hari kan garuruwan kudu, ana kwashe mutane da dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da kansa. Bebeji kuwa babban zango ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, kuma a ƙofarta ne sojojin Turawa suka fara buɗe wuta a 1903 kafin su isa Kano. Ko bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an ci gaba da kora shanu a ƙasa zuwa Ilori da Badun da Ikko, ana ratsa dazuzzukan tsando, inda jinkirin 'yan kwanaki kan sa sammore ya rame garke. Ayarin fatake ma yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, wato taurarin labari a shirye suke, marubuci kawai suke jira.

Har yanzu labarin bai ƙare ba. Wanda ya bi hanyar Jos daga Kwanar Ɗangora ya wuce Tudun Wada, zai shiga dajin Falgore kafin ya kai Doguwa. Wajen 2015 dajin ya yi ƙaurin suna wajen satar shanu da fashi, har aka mai da wani sashensa filin horar da sojoji a 2017. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo albarkar noman rani, amma kowace fadama da ta zama gonar shinkafa ko tumatir, mashaya ce ko makiyaya da ta fita daga hannun mai shanu. Abin da waya mai ƙaya ta yi a Amurka, shi ne cinye burtali yake yi a nan. Matsugunin makiyaya da gwamnatin Kano ta buɗe a dajin Ɗansoshiya na Ƙiru a 2020 shaida ce cewa zamanin yawo da garke yana ƙuntata.

Duk da haka, ƙagaggun labaran Hausa ba su cika waiwayar wannan rayuwa ba. Ganɗoki na Bello Kagara jarumtar yaƙi ya sa a gaba, adabin kasuwar Kano kuma ya fi karkata ga soyayya da zaman aure a birni. Abin mamaki, littafin da ya yi fice a kan makiyayan Arewa, wato Burning Grass na Cyprian Ekwensi na 1962, da Ingilishi aka rubuta shi. Sakamakon wannan giɓi shi ne yaron birni ba ya jin labarin makiyayi sai a rediyo, ran da aka yi ɓarna ko kisa.

Sai dai akwai tarko ga mai son kwaikwayon Amurkawa. Yawancin tsofaffin littattafansu sun mai da 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa filaye, miyagu marasa suna, sun kuma shafe baƙaƙen fata da 'yan Meziko, alhali suna da yawa a cikin masu korar shanun. Marubucin Hausa da ya ɗauko wannan ƙira zai sa ko dai Bafulatani ya zama ɓarawo, ko manomi ya zama azzalumi, a yankin da mutane ke mutuwa a kan irin wannan zato. Labarin da ya cancanci Falgore shi ne wanda zai shiga ruga ran da aka kore saniyar da yaro ya gada daga uwarsa, ya kuma shiga gidan manomin Doguwa da ya wayi gari ya tarar an cinye masa masarar da ya ci bashin takinta.