A Kula Da Fatar Kaka Ma

In haihuwa ta zo, hankalin kowa yana kan mai jego da jariri. To, kakar da ke dafa ruwan wanka da wanke tsumma fa?

Haila takan ɗauke wa mata tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai sinadarin istirojin ya ragu. Daga nan fata ta rage maiƙo da kauri, ta kasa riƙe danshi, sai kaushi da ƙaiƙayi, musamman da hunturu. Ruwan zafi da sabulun wanki suna ƙara tsananta abin.

A ganina bai dace a ce "tsufa ne" a ƙyale ta ba. A rage mata wanki, ta riƙa shafa man kaɗanya bayan wanka. In ƙaiƙayin ya hana ta barci, a kawo ta asibiti.