Lafiyarmu: damuwa da ciwon gaɓɓai

Ƴan uwa mata, akwai ciwon gaɓɓai da ba tsufa ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far ma gaɓɓai, kuma ya fi kama mata. Alamarsa, yatsun hannu biyu su kumbura, su sandare da safe fiye da minti 30.

Damuwa kaɗai ba ta haddasa shi, amma tana iya tayar da shi: bashi, rashin barci, rigimar gida.

In ƴar ƙungiya ta kasa daka, ta makara da zubi, kar mu tsananta mata. Mu ɗaga mata ƙafa, mu raka ta likita, ba wurin mai tebur ba. Magani da wuri ke hana yatsu lanƙwashewa.

Allah ya ba mu lafiya.