Wace kwamfutar tafi-da-gidanka ta cancanci kuɗin ɗan kasuwa?

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta kamar yadda ya saba. Wannan mataki da aka ɗauka can Amurka ya shafi aljihun ɗan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Illela da Jibiya, domin ma'aikatu da bankunan Turai idan suka sauya na'urorinsu, tsofaffin kasuwanninmu suke nufa, ta Ikeja a Legas, ko ta tashar Lome, wadda kayan Nijar suka karkata gare ta bayan rufe iyakar Benin a 2023.

To, abin lura shi ne Windows 11 ba kowace na'ura yake karɓa ba. A ɓangaren Intel, sai ƙwaƙwalwa ta zubi na 8 zuwa sama, watau waɗanda aka fara fitarwa a ƙarshen 2017. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce, Alhaji", kuma bai yi ƙarya ba, amma sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna shekarun na'ura. A dubi lambar da ke biye da shi. Idan an ga i5-8250U, lambar 8 ta farko ita ce zubin. Idan i7-6600U aka gani, zubi na 6 ne, ta tsufa duk da babban sunanta. A kan wannan 'yar lamba ake cutar mutane da dama, kuma ranar da mutum ya tashi sayarwa zai tarar darajarta ta zube.

A ganinmu, wadda ta fi cancantar kuɗin ɗan kasuwa ita ce ta hannu irin ta ma'aikatu, mai zubi na 8: HP EliteBook 840 G5, ko Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490. Ko a cikinsu ma a duba lambar, domin akwai 'yan kaɗan masu zubi na 7. An ƙera su ne don aikin yini guda, jikinsu na da ƙwari, ana buɗe su a ƙara RAM ko a sauya batir. T480 tana da batir biyu, na ciki da na waje da ake cirewa, abin da duk wanda ya san ɗaukewar wuta a lokacin zafi ba zai raina ba. Sai dai mu HP muka fi karkata gare ta, saboda cajarta da allonta sun fi sauƙin samu wajen masu gyara daga Kano har Damagaram. Na'urar da babu kayan gyaranta kusa, ranar da ta lalace ta zama matashin kai.

Sabuwa dal mai araha, irin mai Celeron da RAM 4, kwalinta ne kawai abin sha'awa. Lissafin kaya da WhatsApp suka haɗu a kanta, sai ta fara jan ƙafa. RAM 8 da ma'ajiyar SSD 256 su ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa, musamman da yake SSD ba ta da faifai mai juyawa da girgizar hanyar Ɗan Isa za ta lalata.

Batun canji ma yana ciki. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a 2024. Mai sefa yana ganin araha a Kano, amma tun da dala aka shigo da kayan, ya haɗa da kuɗin mota da na duwan kafin ya yi murna.

Wanda zai sara don sayarwa ya dubi madannai. Ta Faransa AZERTY ce, ita ɗaliban Yamai suka saba da ita, ta Ingila da Amurka kuwa QWERTY, ita ake nema a Katsina da Sakkwato. Kafin a ƙirga kuɗi a cire caja a bar ta tana aiki a ga inda batir zai kai, sannan a sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka. Idan ta nemi kalmar sirrin da shi ma bai sani ba, a mayar masa da abinsa.