Kafin a tura fasto ƙauye, a koya mishi zama da mutane

Tun 1924 da mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram akwai Kiristoci cikinmu, ko da yake ba su da yawa. Yau makarantun Baibul, irin ta Agye, suna horar da fastoci a tura su buɗe sabbin majami'u. A ganinmu, diplom kaɗai bai isa ba.

Faston da za shi garin da kusan kowa Musulmi ne, ya fara sanin ƙofar mai gari da ta liman kafin ya aza tubali guda. Ya iya wa'azi da Hausar wurin, ban da zagin addinin kowa. Ya riƙe sana'a, noma ko ɗinki, tunda baikon mutum goma ba ya ciyar da iyali.

Ba mu manta da Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Laifin na masu ƙonawa ne. Amma a ranakun nan, wasu Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Irin wannan amana ba rana guda ake ƙulla ta ba. Malaman makarantun Baibul, don Allah ku sa ta cikin darasi.